Noti, Taro da Iyakar Gona

A garejin da ke bakin titi tsakanin Kwangila da Samaru a Zariya, idan aiki ya kacame ba a tsawaita magana. Oga na kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani, sai a ji muryarsa daga ƙasa: "Kai, miƙo sha huɗu." Yaron gareji ba ya tambayar sha huɗun me. Zai tona akwatin kayan aiki da hannunsa mai baƙin mai, ya zaro sifana ya tura ƙarƙashin motar, ita kuma ta kama kan notin cif kamar tare aka ƙera su. Alhali mai yiwuwa notin daga Japan ya zo, sifanar kuwa daga Sin.

Sha huɗun nan milimita ce, tazarar da ke tsakanin fuskoki biyu na notin masu ba juna baya. Lamba ɗaya tak ta isa ta bayyana kan notin gaba ɗaya, domin gefensa shida duk tsawonsu ɗaya, kusurwoyinsa shida duk buɗewarsu ɗaya. Ta duk fuskar da aka zura sifana, abu guda za ta tarar.

To, a ɗauki wannan yaro a kai shi gonar gidansu a Bomo ko Basawa, a ce ya faɗi girmanta da lamba ɗaya. Nan zai tsaya yana sosa ƙeya. Iyakar gabas ta bi jerin gamba, ta karya a gindin ɗorawa, ta gangara ta bi bakin kwazazzabo, ta sake karyawa inda kakansa ya yanka wa ƙanensa wani yanki tun kafin a haifi uban yaron. Babu gefe biyu da suka zo ɗaya.

A wurin masana lissafi, kan noti da zanen gonar 'yan gida ɗaya ne. Littafin makaranta yana kiran su foligon, kalmar Girkanci mai nufin kusurwoyi da yawa. Duk siffar da take shimfiɗe, gefunanta miƙaƙƙu, kuma ta rufe kanta ba ta bar ƙofa ba, ta shiga wannan gida. Da'ira ba ta ciki, tunda ba ta da miƙaƙƙen gefe ko ɗaya. Hausa tana da alwatika ga mai kusurwa uku da murabba'i ga mai huɗu da gefunanta da kusurwoyinta duk suka zo ɗaya. Sauran kuwa ƙirga kusurwoyinsu ake yi a kira su da shi, ko a ari na Larabci da malaman zaure suka saba da su, irin su muhammasi da musaddasi. Gidan ya kasu ɗaki biyu: daidaitattu, da waɗanda ba daidaitattu ba. Kafin siffa ta shiga ɗakin farko sai ta cika sharaɗi biyu a lokaci guda, wato gefunanta duka su zo tsawo ɗaya, kusurwoyinta duka kuma su zo buɗewa ɗaya. Wadda ta faɗi ko da sharaɗi ɗaya ta koma ɗaki na biyu, komai kyanta a ido.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, har da masu digiri. Dillalin fili a Hayin Dogo zai nuna wa mai saye turaku huɗu ya ce, "Alhaji, wannan fuloti ne lafiyayye, hamsin da ɗari, ba shi da karkata ko kaɗan." Ko da gaskiya ya faɗa, fulotin ba daidaitacce ba ne a ƙa'idar lissafi. Kusurwoyinsa huɗu sun zo ɗaya, digiri 90 kowacce, amma gefe biyu ƙafa 50 ne, biyu ƙafa 100. Allon aji, ƙofar ɗaki, takardar naira dubu, filin ƙwallo, duk haka suke. Hatta ginin Ka'aba, da sunansa ke nuni da abu mai fuskoki murabba'i, gefunansa ba su zo ɗaya ba: wasu kimanin mita 11, wasu sun doshi 13.

Mai alawar madara ita ce ke nuna ɗaya ɓarayin. Idan ta baza alawar a faranti ta yi sanyi, sai ta ja wuƙa a miƙe layi-layi, sannan ta sake ja a karkace, kowane yanka ya fito da tsini biyu. Gefuna huɗu na yankan za su iya zuwa tsawo ɗaya, amma kusurwa biyu tsukakku ne, biyu buɗaɗɗu. Ita ta ci sharaɗin gefe ta faɗi na kusurwa, fuloti kuwa ya ci na kusurwa ya faɗi na gefe. A cikin masu kusurwa huɗu kaf, murabba'i ne kaɗai ya haye. Alwatika ce kawai aka yi wa sauƙi: da zarar gefunanta uku sun daidaita, kusurwoyin ba su da zaɓi, dole kowacce ta zama digiri 60.

Akwai wata doka da ta hau kan ɗakunan biyu ba ta nuna bambanci ba, kuma ita ce ke kayar da ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO. Idan aka tsaya a kusurwa ɗaya aka ja layuka zuwa sauran kusurwoyi, siffa mai gefe huɗu za ta rabu alwatika biyu, mai biyar ta rabu uku, mai shida ta rabu huɗu. Kullum adadin alwatikan ya gaza adadin gefunan da biyu. Tunda kusurwoyin kowace alwatika idan an tara digiri 180 ne, jimillar mai huɗu 360 ce, mai biyar 540, mai shida 720, mai takwas 1,080. Wannan jimilla ba ruwanta da kyan siffa ko muninta. Noti da gona mai kusurwa shida, kowanne 720 yake ɗauke da shi. Bambancin yana wajen rabo ne. Daidaitacciya takan raba wa kusurwoyinta daidai wa daida, 720 a raba shida kowacce ta sami 120, ita kuwa ɗayar wani ya sami kaso mai tsoka wani ya tashi da ƙashi. Idan mai jarrabawa ya ba da kusurwa biyar, 90 da 100 da 130 da 135 da 150, ya ce a nemo ta shida, ɗalibin da ya haddace 120 ya rubuta ya faɗi. Amsar 115 ce, abin da ya rage bayan an cire 605 daga 720.

Me ya sa noti ya zama mai shida, ba huɗu ko takwas ba? Duk bakaniken da ya taɓa cusa hannu a lungun inji ya san amsar ko bai iya faɗarta da lamba ba. Noti mai huɗu sai an juya shi digiri 90 kafin sifana ta sami sabuwar fuskar kamawa, kuma a ƙarƙashin bonet ba kullum ake samun wannan sarari ba. Mai shida digiri 60 kawai yake nema. Idan kuwa aka ƙara gefuna zuwa takwas ko goma, kusurwoyin sai su daƙushe, notin ya kusa zama da'ira, sifana ta riƙa zamewa tana cinye kan. Shida ce ta tsaya a tsakiya. Fensir da biron Bic ma jikinsu gefe shida ne, ba sa gangarowa daga benci.

Ƙudan zuma sun riga kanikawa. Duk wanda ya ga an fasa amya an fito da saƙa ya ga ɗakuna masu kusurwa shida jere reras, bango ɗaya na yi wa ɗaki biyu aiki. Dalilin yana ƙarƙashin ƙafar duk mai taka tayil ko intalok. Inda kusurwoyin tayil suka haɗu, dole su cika digiri 360 cif, in ba haka ba ko a bar giɓi ko wani ya hau wani. Alwatika shida masu 60 sun cika, murabba'i huɗu masu 90 sun cika, masu kusurwa shida guda uku masu 120 sun cika. Shi ke nan, daidaitattu uku ne kacal ke iya rufe daɓe su kaɗai. Mai kusurwa biyar tana da 108. Uku sun ba da 324 sun bar giɓi, huɗu sun yi yawa. Mai takwas sai an yi mata cikon ƙaramin murabba'i, 135 da 135 da 90, shi ya sa ake ganin irin wannan haɗi a daɓen wasu falo da masallatai. A cikin ukun nan kuwa, mai shida ce ke kewaye ɗaki mafi girma da bango mafi ƙaranci, wato zuma mai yawa da kaki kaɗan. Wani masani mai suna Pappus ya yi wannan magana a Iskandariya tun ƙarni na 4, amma cikakkiyar hujjar cewa babu wani tsarin da ya fi shi, ko da mai lanƙwasassun bangaye ne, sai a 1999 Ba'amurke Thomas Hales ya kawo ta.

Giɓin nan da ke hana mai kusurwa biyar zama tayil, shi ne rufin asirin ƙwallon ƙafa. Ƙwallo mai baƙi da fari da Adidas ta fitar da sunan Telstar a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, fata 32 aka ɗinke: baƙaƙe 12 masu kusurwa biyar, farare 20 masu shida. A kowace mahaɗa baƙa ɗaya ce da farare biyu, 108 da 120 da 120, jimilla 348. Saura 12 ta cika 360, kuma rashin cikar ne ke tilasta wa fatar ta dunƙule maimakon ta kwanta. Yaran da ke buga tsohuwar ƙwallo a filin makarantar firamare da yamma, lissafin da ya gagare su da safe suke shuri.

Dattawan Sabon Gari kuwa sun taɓa riƙe wannan darasi a aljihu. Taro na Tarayyar Najeriya da aka buga a 1959, mai hoton auduga, gefe goma sha biyu gare shi, ta yadda ko a duhu hannu zai bambance shi da sisi. Kowace kusurwarsa digiri 150 ce. Ya yi zamaninsa har naira da kwabo suka karɓi fage a 1973, sunansa kawai ya rage a bakin masu cewa ba su da sisi ba su da taro. Ingila ma da ta so ta wahalar da masu buga jabu, a 2017 ta mayar da tsabar fam ɗaya mai gefe goma sha biyu. Kwabo mai huji shi ma yana da nasa abin lura: tauraron da ke jikinsa alwatika biyu ce daidaitattu aka ɗora wa juna, tsakiyarsu ta ba da mai kusurwa shida daidaitacciya. Amma in aka bi bakin tauraron da yatsa, gefe 12 ne masu tsawo ɗaya da kusurwoyi iri biyu, wasu sun fito waje wasu sun shige ciki. A ƙa'idar aji, ya bi sahun alawar madara.

Faɗar sharaɗin daidaito da baki abu ne mai sauƙi, zana shi a ƙasa kuwa wani aiki ne. Mai kusurwa shida ba ta da wuya: a kafa turke, a ɗaura igiya a zagaya da'ira, sannan a ɗauki tsawon igiyar nan a riƙa aunawa a bakin da'irar, sau shida za ta dawo inda ta faro. Iƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna yadda ake zana mai uku, huɗu, biyar, shida da goma sha biyar da rula da kamfas kawai. Daga nan aka yi cirko-cirko na kusan shekara 2,000, har ranar 30 ga Maris 1796 da wani saurayi Bajamushe ɗan shekara 18, Carl Friedrich Gauss, ya gano cewa mai gefe 17 ma tana zanuwa. Mai bakwai kuwa ta ƙi. A 1837 Bafaranshe Pierre Wantzel ya tabbatar da cewa ba gazawar masu zane ba ce, abin ne ba ya yiwuwa da waɗannan kayan aiki biyu.

Masu sana'a ba su zauna jiran wannan hukunci ba. Abul Wafa al-Buzjani, wanda aka haifa a 940 ya yi aikinsa a Bagadaza, ya rubuta littafi musamman kan abin da masu sana'ar hannu ke bukata na ilimin handasa. A ciki akwai dabarar mai bakwai: a zana alwatika daidaitacciya a cikin da'ira, a ɗauki rabin gefenta, a auna da shi sau bakwai. Ba daidai ba ne cif, amma a da'irar da igiyarta mita ɗaya ce, kuskuren kowane gefe bai kai milimita biyu ba, abin da siminti zai shafe ba wanda ya sani. Magina Musulmi sun ƙware a wannan fanni tun da wuri. Ƙubbatus Sakhra da halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina a Ƙudus, aka kammala wajen 691, a kan kusurwa takwas take zaune. Lemar mai sayar da katin waya a bakin Main Gate ta Jami'ar Ahmadu Bello ma takwas ce, in an ƙirga ƙarafunanta.

Akwai kuma 22 bisa 7 da kowane ɗan sakandare ya haddace ba tare da an gaya masa asalinta ba. Arkimidis na Sirakus ne ya matse da'ira tsakanin daidaitattun siffofi biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ya fara da mai shida, ya ninka zuwa 12, 24, 48, har 96, sannan ya ce kewayen da'ira bai kai faɗinta sau uku da ɗaya bisa bakwai ba, wato 22 bisa 7, amma ya haura sau uku da goma bisa saba'in da ɗaya. Yawan gefe na ƙaruwa, siffa na ƙara kusantar da'ira.

Wannan kusanta tana da fassara a kuɗin bulo. A ce mutum yana da kuɗin katanga mai tsawon ƙafa 300. In ya kewaye alwatika daidaitacciya, murabba'in ƙafa 4,330 zai samu. Fuloti hamsin da ɗari zai ba shi 5,000. Murabba'i mai 75 kowane gefe zai ba shi 5,625, mai kusurwa shida ta ba shi kusan 6,500, da'ira kuwa ta haura 7,100. Katanga ɗaya, bulo ɗaya, fili daban-daban. A cikin siffofi masu adadin gefe ɗaya, daidaitacciyar ce kullum ke cin fili mafi yawa. Maginan da suka riƙa tayar da rumbu da ɗakin ciyawa a kewaye, ba su karanta wannan a allo ba, amma ƙasar ginin da suka kwaɓa ta ɗauki hatsi fiye da yadda za ta ɗauka da sun yi mata kusurwoyi.

Duk da haka ƙasa ba noti ba ce, kuma taswirar Zariya shaida ce. Ganuwar birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kibo, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da sauransu, ba ta bi rula ba. Ta bi tudu da kwari da bukatar tsaro. Gidajen cikinta ma haka, kowane gida ya faɗaɗa ko ya tsuke gwargwadon aure da haihuwa da rabon gado. Sabon Gari kuwa, da ya tashi bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, a kan takarda aka fara haifarsa, shi ya sa layukansa suka miƙe suna gicciye juna. A Samaru ana ganin biyun kafaɗa da kafaɗa. Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda tushenta ya faro a 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, tana yanka filayen gwajinta masu kusurwa huɗu a miƙe, domin mai bincike yana so ya ninka tsawo da faɗi ya san ko irin masara na SAMMAZ ya ba da tan nawa a hekta. Ana ƙetare shingen cibiyar sai gonakin mutane, kowacce da tata kamar. In kaka ta wuce ruwa ya ja baya a bakin dam ɗin Kubanni, laka kan tsage gida-gida, wani mai kusurwa huɗu wani biyar wani shida, ba biyu da suka yi kama. Gonakin sun fi kusa da wannan.

Kada a ɗauka rashin daidaito aibi ne. Kowace alwatika, komai karkatarta, tana rufe daɓe in aka yanka irinta da yawa, haka ma kowace mai kusurwa huɗu. Mai kusurwa biyar da daidaitacciyarta ta kasa, wasu karkatattunta sun iya, har iri 15 aka sani, kuma huɗu daga ciki wata matar aure ce a Amurka, Marjorie Rice, ta gano su a shekarun 1970 ba tare da digirin lissafi ba. Askar da maɗinkan birnin Zariya ke zubawa a ƙirjin babbar riga ma dogayen alwatika ne masu tsini, da daidaitattu ne da ba a kira su aska ba. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka auna karkatacciya da mudun daidaitacciya.

Ga yadda abin ke faruwa. An zo sayen gona ko rabon gado, an ja tef ko igiya a gefe huɗu. In gabas da yamma ba su zo ɗaya ba sai a tara a raba biyu, a yi wa kudu da arewa haka, a ninka, a ce ga girman gona. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Tana rubuce a bangon wurin bautar Edfu a Masar, inda aka lissafa gonaki da ita fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Aibinta shi ne ba ta taɓa ragewa, kullum ƙari take yi, sai fa in kusurwoyin huɗu duk digiri 90 ne. Mai sayarwa ba ya asara da ita. Gona mai mita 100 a kowane gefe, in murabba'i ce, hekta ɗaya ce cur, murabba'in mita 10,000. In kuwa ta karkace kamar yankan alawa har tsukakkiyar kusurwarta ta koma digiri 60, tef zai ci gaba da cewa ɗari, ɗari, ɗari, ɗari, alhali abin da ke ciki 8,660 ne. Manomin da ya sayi taki da maganin feshi na hekta guda ya zuba wa wannan gona, ya yi ɓarnar kashi 13 cikin ɗari, kuma da kaka zai zargi iri da rashin auki.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan kusurwa dai ido yakan sha kunya. Karkatar digiri 15 ba kowa ke ganinta ba a fili mai ciyawa, musamman in babu gini a kusa da za a kwatanta. Amma fuloti hamsin da ɗari da ya karkace haka ya koma murabba'in ƙafa 4,830. An yi asarar 170, wato ɗaki guda sha biyu da sha huɗu, kuma ba wanda ya matsar da turke ko ya yi ƙarya a tsawon gefe.

Asalin abin shi ne gefe huɗu ba sa ɗaure siffa. A haɗa sanda huɗu da ƙusa a kusurwoyi, a tura da hannu, za su kwanta su tashi yadda aka ga dama. A haɗa uku kuwa, ko motsi. Shi ya sa kafinta ke cika rufin kwano da alwatika, mai walda kuma ke gicciya ƙarfe a ƙafafun tankin ruwa. Mai awon ƙasa ma alwatikar yake komawa. Sai ya yanka gonar alwatika-alwatika a takarda, ya auna gefuna uku na kowacce, ya yi aiki da ƙa'idar da ake jingina wa Heron na Iskandariya. A ce gefunan mita 130 da 140 da 150 ne. A tara a raba biyu, 210. A cire kowane gefe daga 210, a sami 80 da 70 da 60. A ninka huɗun gaba ɗaya a ɗauki tushen murabba'insu, kalkuletar waya za ta nuna 8,400. A yi wa sauran alwatikan haka a tara, girman gona ya fito ba tare da an auna kusurwa ko ɗaya ba.

Safiyo, irin waɗanda jami'ar ke yayewa a Samaru, ya fi haka zurfi. Yana bin iyaka daga dutse zuwa dutse, yana rubuta tsawon kowane gefe da inda ya fuskanta, kuma waɗannan lambobi ne ke cika gefen taswirar da ake kai wa hukumar KADGIS a nemi takardar mallaka. Kafin ya sa hannu sai ya tara kusurwoyin ya gani ko sun yi daidai da dokar nan ta aji: fili mai dutse shida dole ya ba da 720, in ya kauce da yawa to akwai inda aka yi kuskure, sai a koma daji. Yanzu akwai manhajojin waya da mutum zai zagaya gona da su su faɗa masa hekta nawa ce. Suna da amfani ga babbar gona da lissafin taki, amma GPS na waya yakan yi kuskuren 'yan mitoci, kuma a fulotin da faɗinsa bai wuce mita 15 da 'yan kai ba, mita uku rigima ce da za ta kai gaban mai unguwa.

Birkila mai hankali ba ya jiran safiyo kafin ya kare kansa. Ranar fitar da harsashi yakan auna ƙafa uku a igiya ɗaya, huɗu a ɗayar, ya duba ko tsakaninsu biyar ne. In biyar ne kusurwar ta tsaya a 90. Bayan ya kafa turaku huɗu kuma sai ya ce wa yaronsa, "Riƙe nan," ya ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye, ya sake ja ta ɗaya hannun. Mai sayen fili ma zai iya yin haka kafin ya ƙirga kuɗi, aikin minti biyar ne. A fuloti hamsin da ɗari na gaskiya, awon gicciyen biyu za su zo ɗaya, kowanne ƙafa 111 da inci 10 saura ƙiris. A wancan mai karkatar digiri 15, ɗaya zai tsaya ƙasa da ƙafa 100, ɗayan ya kusa 123.